Kalmar «lather» ta Ingilishi: ma'anoninta da yadda za a mayar da ita Hausa

Duk wanda ya taɓa zama don shirya ɗan littafin tsabta domin cibiyoyin yaƙi da jahilci ya san inda wahalar fassara take. Manyan kalmomin kimiyya, idan aka rasa yadda za a yi da su, akan are su, a gyara musu furuci, a yi musu bayani a ƙasa, kowa ya huta. Waɗanda suke ka da mai fassara su ne ƙananan kalmomin cikin gida, na wanka da wanki da girki, domin yana ganinsu sai ya ɗauka ya san su, ya ɗora musu kalmar Hausa ta farko da ta zo masa a baki, ya wuce. Kalmar Ingilishi «lather» tana cikin irin waɗannan. Za mu bi ta a nan tun daga asalinta har zuwa ma'anonin da take ɗauke da su a yau, mu ga inda kalmarmu «kumfa» ta ishe ta da inda ta kasa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mu da kalmar Ingilishi, alhali kuwa takardun da suke isowa hannun mai fassara a Nijar yawancinsu da Faransanci suke? Amsa ita ce, da yawa daga cikin takardun nan na kiwon lafiya da Ingilishi aka fara rubuta su, Faransancin da muke gani fassara ce, tamu kuwa fassarar fassara. Abin da ya zube a hanya ta farko ba ya dawowa a ta biyu. Ban da wannan, sabulu da garin wanki da man wanke gashi da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Birnin Ƙonni, masu yawa daga Nijeriya suke shigowa, bayanin amfani da su kuma da Ingilishi yake a jikin kwali. Ƴan makarantarmu ma tun daga ajin farko na kwaleji suke fara koyon harshen.

1. Furuci da rubutu

Ingilishi yana rubuta sautuka biyu da haruffan «th», ɗaya mai ziza, ɗaya maras ziza, Hausa kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, haka Faransanci. Wanda ke cikin «lather» mai ziza ne, irin na «father» da «mother». Bahaushe yakan mayar da shi z, ya ce «laza», mai Faransanci ma haka yake yi. Wasu kuma, musamman waɗanda suka koyi Ingilishi wajen mutanen kudancin Nijeriya, sukan mayar da shi d, su ce «lada», sai kalmar ta faɗa kan «ladder», watau tsani, ta kuma faɗa kan ladan da ake samu wajen Allah. Su kansu masu harshen ba su daidaita kan wasalin farko ba. A kudancin Ingila da yawa suna jan sa, kalmar ta yi amo ɗaya da «rather». A Amurka da arewacin Ingila gajere ne, irin na «gather».

Akwai kuma wata kalma dabam da ake rubutawa da haruffa shida ɗin nan daidai. Ta fito ne daga «lath», watau siraran katakai da ake jerawa a bango ko a rufi kafin a yi yaɓe, an ƙara mata ɗafin «-er» na mai aikatawa, ta zama sunan magini mai kafa katakan. A wannan «th» ɗin maras ziza ne, ma'anarta kuma ba ta da dangantaka da sabulu ko kaɗan. Mu da muke rubuta «fari» mu bar mai karatu ya zaɓa tsakanin launi da rashin ruwan sama ba mu da bakin yi wa Turawa dariya a kan wannan.

2. Asalin kalmar

A tsohon Ingilishi, na kafin shekara ta 1100, siffarta «lēaþor» ce. Harafin nan þ shi ne yake wakiltar sautin da ake rubutawa «th» a yau. Abin da zai ja hankalin Bahaushe shi ne, a jerin kalmomin da malaman zamanin suka rubuta don fassara Latinanci, sun ajiye ta daidai da «nitrum», wanda yake nufin gishirin nan mai kaifi da mutanen dā suke wanki da shi. Wannan kuwa ɗan'uwan kanwarmu ne, irin wadda ake haƙowa a ƙasar Manga da Dallol Boso. Ashe ke nan tun farko kalmar ta fi karkata ga abin da ake wankin da shi, kumfar da yake tayarwa tana biye. Suna kuma da wani tsiro da suke kira «lēaþorwyrt», watau ciyawar wanki, wadda idan aka murza ta cikin ruwa takan yi kumfa. Sinadarin da yake sa ta haka, wanda masana suke kira saponin, yana cikin aduwa, shi ya sa a wurare da yawa na Sahel ake daka saiwarta ko ɓawonta a wanke tufafi da su.

Tsohon harshen mutanen Sikandinebiya yana da ƴar'uwarta, «lauðr», mai nufin kumfa da sabulun wanki. Masana tarihin harsunan Indiya da Turai suna mayar da su duka ga saiwa guda mai ma'anar wankewa, wadda ta ba Girkanci «loutron», wanka, ta ba Latinanci «lavare», daga nan kuma Faransanci ya sami «laver» da «lavoir» da «lotion». Kalmar Ingilishi «lye», wadda take nufin ruwan toka, daga saiwar nan take. Ƙarshen kalmar, watau «-ther», ragowar wani tsohon ɗafi ne da ake gina sunan kayan aiki da shi. Aikinsa ya yi daidai da na «ma-…-i» a Hausa, inda «buɗe» yake ba da «mabuɗi», «goge» ya ba da «magogi». Da za a fassara ginin kalmar gaɓa da gaɓa, sai a ce «mawanki».

Ma'anar kanwa ta mutu tun da daɗewa. Daga wajen ƙarshen ƙarni na 16 ne sunan ya zauna a kan ma'anar da aka fi saninsa da ita yau.

3. Kumfar sabulu da maƙwabtanta

Ma'ana ta farko, wadda kowane ƙamus yake farawa da ita, ita ce farar kumfa mai kauri da take tashi sa'ad da aka cuɗa sabulu da ruwa a jikin wani abu, ko fata, ko gashi, ko tufa. A nan «kumfa» ta amsa, amma sai a lura da cewa gonar «kumfa» ta fi ta «lather» faɗi nesa ba kusa ba.

Bahaushe yana cewa kumfa idan an tatsi saniya madara ta taso a ƙwarya. Yana cewa kumfa idan mai shayi ya ɗaga buta sama yana zubawa cikin ƴan kofuna har farin abin nan ya hau, kuma duk wanda ya zauna a fadar samari a Yamai ko Tawa ya san cewa shayin da ba shi da ita ba a yaba wa mai dafa shi. Kumfa ce a kan burkutu, kumfa ce a bakin gulbi idan ruwan farko ya sauko yana ture tarkace, kumfa ce a bakin mai farfaɗiya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da Bature zai kira «lather». Ta madara da ta giya «froth» zai ce, ko «foam». Ta teku da ta bakin maras lafiya «foam». Wadda take yawo a kan ruwan wanki cikin bokiti «suds». Dattin da yake taruwa a saman ruwa ko a gefen kwano kuwa «scum». Watau inda Hausa ta ajiye kalma ɗaya, Ingilishi ya yanka filin gida huɗu ko biyar. Faransanci yana tsakani, da «mousse» da «écume».

Mene ne ya raba «lather» da «suds», tun da yake dukansu na sabulu ne? Abu biyu. Na ɗaya, «suds» tana cikin ruwa, a bokiti ko a baho, «lather» kuwa tana kan jikin abin da ake wankewa. Na biyu, wanda shi ne mafi muhimmanci gare mu, «lather» ba ta samuwa sai da aikin hannu. Kalmomin da suke yawan raka ta sun nuna haka. Ana cewa «work up a lather», watau a yi ta cuɗawa har ta tashi. Ana siffanta ta da «rich» ko «thick», mai yawa, mai kauri. Cikin kalmar akwai lokaci, akwai gugar hannu da hannu, wanda «kumfa» ita kaɗai ba ta ɗauke da shi, domin kumfar gulbi ba wanda ya cuɗa ta.

Wurin da Turawa suka fi jin kalmar a dā shi ne wajen aski. Wanzaminsu yana da ɗan kwano da buroshi na gashi, yana kaɗa sabulu har ya yi kauri kamar kindirmo, ya lulluɓe gemun mutum da shi kafin ya sa aska, har suna da karin magana mai cewa kumfa mai kyau rabin aski ce. Wanzaminmu na gargajiya yakan jiƙa gashi da ruwa ya murza, wani lokaci da ɗan sabulu, amma kaɗa kumfa a kwano ba ya cikin aikinsa, saboda haka ba mu taɓa bukatar ware mata suna ba.

Game da ita kanta kalmarmu, akwai abu biyu da mai shirya littafi zai yanke shawara a kansu. Jinsinta bai zauna wuri ɗaya ba: ana jin «kumfar sabulu», ana kuma jin «kumfan sabulu». Mu a nan mun bi ta mace, amma abin da ake so shi ne littafi guda ya tsaya kan guda. Sa'an nan a karin harshen yamma, wajen Tawa da Dogon Dutsi, furucin «kumhwa» ne. Tun taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai cikin watan Janairu na 1980 hanyar da ake bi ita ce a rubuta f, kowa ya karanta da bakin garinsu. Haka kuma «sabulu» da «sabuni», duka aro ne daga Larabci, ta biyun ma ta fi kusa da asalin, kuma ita ce a bakin mutane da yawa a ƙasar nan. Wannan bambancin kalma ne, ƙa'idar rubutu ba ta warware shi, sai malamin cibiya ya san wadda ɗalibansa suke faɗi.

4. Aikatau

Kalmar tana aiki a matsayin aikatau ba tare da ta sake siffa ba, ta hanya biyu. Idan abin wankin ne a gaba, aikatau ɗin ƙi-karɓau ne: «this soap lathers well», sabulun nan yana kumfa sosai. Wannan ba shi da wuya, «yi kumfa» ta wadatar. Idan kuwa mutum ne a gaba, so-karɓau ne: «lather your hands», «he lathered his face». A nan ne Hausa ba ta da aikatau guda da zai ɗauki nauyin, a nan ne kuma ake yin ɓarna.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tsara wanke hannu matakai biyar, kowane da kalma guda: «wet, lather, scrub, rinse, dry». Tsarin nan ya bazu ƙwarai a 2020, lokacin annobar korona, aka yi ta juya shi cikin harsuna. Mai Faransanci yakan mayar da mataki na biyu «savonnez», ko «faites mousser». Idan ya zaɓi ta farko, kumfar ta riga ta faɗi tun kafin takardar ta iso gare mu, sai mai Hausa ya rubuta «ku shafa sabulu». Na taɓa halartar gwajin wani allon hoto mai ɗauke da jimlar nan a wata cibiyar mata. Da aka ce wata daga cikinsu ta nuna abin da ta karanta, sai ta ɗauki sabulun, ta goga a tafin hannu sau biyu kamar mai shafa man kaɗe, ta miƙa hannu a zuba mata ruwa. Ba ta yi kuskure ba, abin da aka rubuta ta aikata. «Shafa» a Hausa aiki ne mai sauƙi na wucewa sau ɗaya, ana shafa mai, ana shafa kan yaro, ana shafa fatiha. Abin da ake nufi shi ne «ku cuɗa hannuwanku da sabulu har ya yi kumfa», a kai kumfar bayan hannu da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Jimlar ta fi tsawo, tana cin wuri a kan allo, amma ba mu ga yadda za a rage ta ba tare da an rage umarnin ba.

Tun da mun shiga zancen, mataki na uku yana cewa a ci gaba da cuɗawa aƙalla sakan 20. Mun rubuta «sakan» da gangan. «Daƙiƙa» a Larabci minti take nufi, a Hausa kuwa wasu suna amfani da ita a kan minti, wasu a kan sakan, kuma tsakanin biyun akwai ninki sittin.

5. Ruwan da ba ya kumfa

Dole mu ɗan ratsa cikin kimiyya, domin akwai wata fassara da take rataye a nan. Kowace ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son maiƙo. Wutsiyoyin suna kama maiƙo da dattin da yake manne da shi, kawunan suna jan su cikin ruwa, ɗauraya ta tafi da su. Su dai ƙwayoyin nan ne suke sassauta fatar saman ruwa har ta iya naɗe iska ba ta fashe nan da nan ba, wannan iskar da aka naɗe ita ce kumfa. Saboda haka wankewar aikin ƙwayoyin ne, kumfar shaida ce cewa akwai sauran sabulu mai rai a cikin ruwan. Garin wankin da ake yi domin injin wanki da gangan ake rage masa kumfa, yana kuma fid da datti.

Wani ruwan, musamman na rijiyoyin da suka ratsa dutsen farar ƙasa, yana ɗauke da sinadaran kalshiyam da magniziyam. Waɗannan suna kama ƙwayoyin sabulu su mayar da su wani farin gari mai danƙo da ba ya narkewa, sai an ƙosar da su tukuna sauran sabulun zai fara kumfa. Wani malamin kimiyya na garin Abadin a Sikotilan, Thomas Clark, ya mayar da wannan ma'auni a 1841: ana ɗiga ruwan sabulu cikin kwalbar ruwan da ake gwadawa, ana girgizawa, har a sami kumfar da za ta tsaya ba ta kwanta ba, yawan sabulun da aka ci shi ne ma'aunin. A bayanin gwajin nan da Ingilishi, kalmar da ake amfani da ita «lather» ce.

Turawa suna kiran irin wannan ruwa «hard water», Faransawa «eau dure». Wanda ya rubuta «ruwa mai tauri» ya rubuta abin da Bahaushe zai ɗauka ƙanƙara ce. «Ruwan zartsi» ta fi kusa, kuma gaskiya ne shi ma yana hana sabulu kumfa, amma zartsi a harshe ake jin sa, ɗanɗano ne na gishiri-gishiri, alhali ruwa yana iya zama garau a baki ya kuma ƙi sabulu. Shawararmu ita ce «ruwa mai cin sabulu», domin ta faɗi abin da mai wanki take gani da idonta, ta kuma faɗi asarar da take yi. Wannan yana da amfani ga umarnin da muka gyara a sama. Idan aka ce wa mace ta cuɗa har ya yi kumfa, rijiyar garinsu kuwa mai cin sabulu ce, za ta ƙarar da sabulun mako a kwana biyu tana neman kumfar da ta gani a hoto. Littafin da za a kai irin wannan gari yana bukatar layi guda da zai ce ƴar kaɗan ma ta isa, muddin an cuɗa ko'ina. Ga wankin tufafi kuwa akwai tsohon magani, a jefa ƴar kanwa cikin ruwan a bar shi ya kwanta, domin sinadarin da ke cikinta yana kwantar da kalshiyam ƙasa. Tsohuwar ma'anar kalmar da sabuwarta sun haɗu ke nan a cikin bokiti ɗaya.

6. Gumin doki

Daga tsakiyar ƙarni na 17 aka fara samun kalmar da ma'ana ta biyu, farin gumi mai kumfa da yake fitowa a jikin doki bayan gudu. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da dawaki bayan sukuwa, ko ranar hawan salla a Damagaram, ya san shi. Yana taruwa a wuya inda linzami yake guga, da gefen sirdi, da tsakanin cinyoyi. Turawan dā kamanni suka gani suka ba shi sunan kumfar sabulu, sai bincike ya zo ya nuna cewa kamannin ya wuce na ido. Gumin doki yana ɗauke da wani furotin mai aiki irin na sabulu, wanda yake sa ruwan gumin ya ratsa gashi mai maiƙo ya fito waje ya bushe, jikin dabbar ya huce. Masu bincike a Gilasgo suka ware shi suka bayyana siffarsa a 1986, sunansa kuwa «latherin», daga kalmar da muke nazari. Gumin mutum ba ya kumfa haka, domin yawancinsa ruwa ne da gishiri.

A nan ma sai mai fassara ya yi hattara, musamman a littattafan kiwo. Idan aka ce doki yana kumfa, Bahaushe bakinsa zai duba, domin can ya saba ganinta idan dabbar tana tauna linzami, kumfa a bakin dabba kuma tana iya zama alamar ciwo. «The horse was in a lather» maganar jiki ce, fassararta «doki ya jiƙe sharkaf da gumi, har ya yi fari». Kalmar gumin ma sai an zaɓa, tun da wasu «gumi» suke cewa, wasu «zufa», wasu «jiɓi». Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana da amfani a irin wannan, domin yakan nuna yankin da aka ji kalma, ko da yake aikinsa ya fi ƙarfi a kudancin iyaka, kuma shekarunsa sun kai casa'in.

7. Tashin hankali da duka

Daga doki aka ɗauko kalmar aka ɗora wa mutum. Wanda ya rikice don damuwa ko fushi ko gaggawa, ana cewa yana «in a lather», ko ya «worked himself into a lather». An sami wannan a rubuce tun 1839. Magana ce ta hira, kuma akwai ƴar ba'a a cikinta: mai faɗinta yana nuna cewa abin bai kai a tayar da hankali haka ba.

Da jin wannan sai «kumfar baki» ta faɗo wa Bahaushe a rai, kuma lalle sun yi kusa, har da ba'ar. Amma ba su zama ɗaya ba. Kumfar baki sai da magana, mutum yana faɗa, yana cika baki, yana barazanar da ba zai iya cikawa ba. Wanda yake «in a lather» yana iya zama bai ce uffan ba, yana ta kai da kawowa a tasha don motar da yake jira ba ta iso ba. Hoton Hausa daga baki ya fito, na Ingilishi daga fatar doki. Inda fushi da surutu suke, «yana ta kumfar baki» ta dace. Inda damuwa ce, sai «duk ya rikice», ko «ya tayar da hankalinsa a banza», ko «ya rasa inda zai sa kansa».

Ma'ana ta ƙarshe ita ce duka. Tun 1797 ake samun aikatau ɗin da nufin a lakaɗa wa mutum duka, yanzu kuwa ta tsufa, sai a wasu kare-karen harshe da tsofaffin labarai. Wasu masana suna ganin «leather» ce ta yi mata tasiri, domin ita ma ana amfani da ita da nufin duka da bulalar fata, furucinsu kuma ya yi kusa. Wannan «leather» ɗin ita ce ta ba mu «leda». Ko ba tare da ita ba, hanyar da ta kai wanki ga duka sananniya ce a harsuna. Bafaranshe yana cewa «passer un savon» idan ya yi wa mutum faɗa mai tsanani. Mu muna cewa ta wanke shi da mari, muna kuma cewa an yi masa wankin babban bargo. Wanda ya ga yadda ake bugun bargo a bakin rafi ba zai tambayi dalili ba. Don fassara dai «jibga» ko «lakaɗa wa duka» sun isa.

8. Abin da muke ba da shawara a shigar a ƙamus

Ƙaramin ƙamus na makaranta ba shi da wurin duk abin da muka zayyana, kuma ba ma ganin ya kamata a cusa masa ma'anar duka ko ta maginin katako. Uku sun wadatar. A ƙarƙashin suna a sa «kumfar sabulu», da cikakken ginin, kada a bar «kumfa» tsirara, don ɗalibi kada ya juya ƙamus ɗin ya kira kumfar shayi «lather». A bi da «farin gumin doki». A rufe da salon maganar «in a lather», a fassara shi da «cikin rikicewa», a ajiye «kumfar baki» a misali na biyu tare da nuna cewa ta fushi ce. A ƙarƙashin aikatau a raba biyu, «yi kumfa» idan sabulu ne mai aikin, «cuɗa da sabulu har ya yi kumfa» idan mutum ne.

Ga masu shirya littattafan cibiyoyi kuwa, idan takardar Faransanci ta zo da «savonner» a cikin umarnin tsabta, yana da kyau a nemi ta Ingilishin a duba ko «lather» ce a wurin. Bayan an rubuta jimlar Hausa, a ba mutum biyu ko uku daga cikin waɗanda aka yi littafin dominsu sabulu da buta, a karanta musu, a tsaya a ga abin da hannuwansu za su yi kafin a kai wa maɗaba'a.